Zanen rayuwar mutanen Lenape don gidan tarihi: daga ina ake farawa?

Ɗan Alƙalami ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Wani ƙaramin gidan tarihi a jihar New Jersey ta Amurka ya ba da kwangilar zane guda babba, faɗi ƙafa 12, tsayi ƙafa 6, wanda za a kafa a bangon zauren da ake nuna kayan mutanen Lenape, wato asalin mazauna yankin tun kafin zuwan Turawa. Abin da ke cikin takardar aikin bai wuce layi ɗaya ba: rayuwar gargajiya ta Lenape a wani ƙauye a bakin kogi. Wa'adi wata tara ne, kuma yawancin masu zuwa kallo 'yan makaranta ne.

Ina neman shawarar masana a kan abu uku. Me ya kamata ya shiga zanen, me kuma bai kamata ya shiga ba? Wa ya dace a tuntuɓa kafin a fara? Sannan wane irin fenti da wane irin shimfiɗa ne za su daɗe a bangon gidan tarihi ba tare da sun tsage ko sun koɗe ba? Allah ya saka da alheri.

Baban Sadiya ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Wancan layi ɗaya da aka rubuta maka shi ne tarkon farko, domin kalmar "gargajiya" ba ta da shekara. Kafin ka ja layi ko ɗaya a takarda, ka sa gidan tarihin ya amince maka a rubuce da abu uku: wace shekara, wane wuri, wane wata. Duk sauran tambayoyin daga nan amsarsu ke fitowa.

Shekara tukuna. In ana son zamanin da Bature bai iso ba, ka tsaya wajen 1500. Matuƙin jirgin ruwa Verrazzano ya leƙa mashigin ruwan New York a 1524, Henry Hudson ya shiga kogin da yau ake kira da sunansa a 1609, daga nan kuma kayan fatauci na mutanen Holan suka fara kwarara. Ke nan a zanen 1500 babu gatarin ƙarfe, babu tukunyar tagulla, babu bindiga, babu bargo ko yadi, babu duwatsun ado na gilashi. Babu doki, babu saniya, babu alade, babu kaza, babu kyanwa. Kare ne kaɗai dabbar gida. Kada kuma ka ja baya da yawa: wake bai bayyana a gonakin arewa maso gabashin Amurka ba sai wajen 1300, don haka in kana son masara da wake da kabewa a gona ɗaya, ka tsaya bayan wannan lokaci.

Wuri. Ƙasar da suke kira Lenapehoking ta haɗa New Jersey gaba ɗaya, gabashin Pennsylvania, kudu maso gabashin jihar New York har da tsibirin Manhattan, da arewacin jihar Delaware. Mutanen arewa harshen Munsee suke ji, na kudu Unami, iyakarsu kuma tana wajen kogin Raritan. Ƙauyen da ke saman kogin Delaware, inda ake da duwatsu da fadama mai albarka, bai yi kama da zangon bakin teku ba, inda rairayi ne da itatuwan pine da tsibin ɓawon kawa. Shaidar noman masara ta fi ƙarfi a saman kogin, can ne kuma masanin haƙo kayan tarihi Herbert Kraft ya yi haƙe-haƙensa, shi ya sa zana can ya fi sauƙin karewa idan wani ya ƙalubalance ka.

Wata kuwa, nan ne yawancin zane-zanen gidajen tarihi ke faɗuwa. Mai zane ya so ya nuna komai, sai ka ga ana jan tarun kifin shad a gefe guda, a ɗaya gefen ana karyar busasshiyar masara. Shad yana hawowa kogin Delaware ne a Afrilu da Mayu, lokacin da ganye ke tohowa, ko shuka ba a gama ba. Masara kuwa sai Satumba zuwa Oktoba take bushewa. Kamar ka zana manomi yana shukar gero alhali maƙwabcinsa na ɗaure dami. Ni da za a bi tawa, ƙarshen Satumba za a ɗauka, don ya fi yawan aikin da ido ke so: mata na karyar masara suna kitsa ɓawonta suna ratayewa, ana yanka kabewa zobe-zobe ana shanyawa, ana shimfiɗa ɓawon itace da ciyawa a ramukan ajiya, yara na tsintar 'ya'yan cesnat da hikori, maza kuma na gyara shingen duwatsu mai kama da bakin kibiya a cikin kogi, domin a kaka ne kifi mai kama da maciji ke gangarawa teku. In ka sa barewa, ka tuna namijinta a wannan watan ƙahonsa ya riga ya yi tauri, 'ya'yan kuma ɗigon fatarsu ya kusa ɓacewa.

Gidaje. Ka manta da tantin fata mai tsini, wannan na mutanen filayen tsakiyar Amurka ne. Haka hular gashin gaggafa mai zubowa har baya. Dogayen gumakan itace masu fuskoki bisa fuskoki kuma na gaɓar tekun Fasifik ne. Lenape bukka suke yi da ɗanyun sanduna: a kafa su a ƙasa layi biyu ko a da'ira, a tanƙwaro kawunansu a ɗaure, a yi musu tanka, a rufe da manyan faifan ɓawon itace ko tabarmin ciyawar fadama. Ana jera ɓawon daga ƙasa zuwa sama, na sama ya hau kan na ƙasa kamar jerin kwano, sannan a sake ɗora wasu sanduna ta waje a ɗaure don kada iska ta ɗaga. Masu zane kan manta da waɗannan sandunan na waje, sai bukkar ta fito sumul kamar ƙwarya. Gurbin sandunan da ake samu a haƙe-haƙe siriri ne, inci biyu zuwa uku, don haka kada ka zana gungume. Jasper Danckaerts, wanda ya shiga wani dogon gida a Nyack, cikin Brooklyn ta yau, a 1679, ya ce tsawonsa ya kai ƙafa 60, faɗinsa 14 ko 15, da kafar hayaƙi a tsawon ƙoƙon rufin, da ƙofofi gajeru da sai an sunkuya, kowane iyali da murhunsa a tsakiya. William Penn, Baturen da ya kafa Pennsylvania, a wasiƙarsa ta 1683 ya ce gidajensu da kyar suke wuce tsayin mutum. Kada kuma ka kewaye ƙauyen da katangar itace irin ta ƙabilun Irokwa, haƙe-haƙen kwarin Delaware ba su nuna haka ba. 'Yan gidaje ne a warwatse kusa da gona da ruwa.

Kwalekwale na gungume ne, yawanci na itacen tulif, ana ƙona cikinsa da garwashi a kankare da dutse, a sake ƙonawa. Mai nauyi ne, bakinsa a dakushe, kuma yana nutsewa sosai a ruwa. Kwalekwalen farin ɓawo mai lanƙwasasshen hanci na mutanen arewa ne can wajen Kanada. Tukwane na yumɓu ne da aka gina da hannu, gindinsu zagaye ko mai ɗan tsini, ba sa zama da kansu sai an tokare da duwatsu, ba su da ƙyalli, adonsu tsage-tsage ne a wuya. Bakin kibiya na wannan zamani mai kusurwa uku ne, ba shi da wuya. Masu wuya da ke cike da akwatunan gidajen tarihi yawancinsu sun girme shi da dubban shekaru, kan mashi ne ba na kibiya ba. Turmi na gungume, taɓarya ta itace ko doguwa ta dutse, wannan kam ba baƙon abu ba ne gare mu. Gona ba a kunya-kunya take ba, tsibi-tsibi ce tsakanin kututturan itatuwa, wake na hawa karan masara, kabewa na yaɗo a ƙasa. Goyon masarar ƙanana ne sirara, galibi layin ƙwaya takwas, ba irin na kasuwar yau ba.

Sutura: fatar barewa ce jemammiya. Maza warki da safar fata mai hawa har cinya da takalmin fata mai taushi, mata zane na fata da ake ɗaurawa a ƙugu, da mayafin fata ko na gashin talotalo idan sanyi ya shigo. Maza na tuge gemu, wasu na aske gefen kai su bar zanko. Ana shafa kitsen beyar a jiki da gashi, ana kwalliya da jar ƙasa, ana kuma zanen jiki na dindindin. Don fuska, nemi hotunan da Gustavus Hesselius ya zana a 1735 na shugabanni biyu, Lapowinsa da Tishcohan. Da idonsa ya gan su, za ka ga zanen goshi da jakar fata a wuya, amma ka cire shuɗin bargon da suka yafa, na fatauci ne. Shahararren zanen Benjamin West na yarjejeniyar Penn da Lenape kuwa ka kalle shi don koyon tsari, kada ka kwafi komai. An yi shi ne a 1771 zuwa 1772, kusan shekara 90 bayan abin da yake nunawa, ya sa gine-ginen bulo a baya, ya mai da Penn dattijo mai teɓa alhali a 1682 shekararsa 38.

Abu na ƙarshe da kan kunyata mai zane shi ne ciyayi. In ka fita bakin kogin Delaware yau ka ɗauki hoto ka kwafa, za ka shigo da tsirran Turai ba ka sani ba: dandaliyon, farin kuloba, tuffa, da doguwar ciyawar fadama mai baza da ta mamaye ko'ina. Ƙudan zuma ma da Turawa ya zo. Abin da za ka mayar kuwa shi ne itacen cesnat na Amurka, wanda cuta ta fara hallakawa daga 1904, da garken kurciyar nan mai ƙaura da ta ƙare a duniya a 1914. Ka ba wani masanin tsirrai zayyanarka ya bi ta ganye-ganye.

Maman Khalifa ta rubuta:

Malam Baban Sadiya ya zuba ilimi, Allah ya ƙara basira. Sai dai ni da tambaya ta biyu zan fara, don ita ce ke rusa aiki bayan an gama shi. Lenape ba mutanen da suka shuɗe ba ne. Korarsu aka yi, tun daga zambar filin nan ta 1737 da 'ya'yan Penn suka yi musu, wadda su Lapowinsa ɗin nan suna cikin waɗanda aka sa suka amince da ita, har aka yi ta tura su yamma zango bayan zango. A yau gwamnatin tarayyar Amurka ta amince da al'ummominsu uku: Delaware Tribe of Indians a Bartlesville da Delaware Nation a Anadarko, duka a Oklahoma, da Stockbridge-Munsee a Wisconsin. Akwai wasu a Ontario ta Kanada. A cikin New Jersey kuma akwai waɗanda jiha ta amince da su, kamar Nanticoke Lenni-Lenape da Ramapough. Tsakanin waɗannan ɓangarori akwai saɓani na gaske a kan wa ke da bakin magana, kuma ba hurumin mai zane ba ne ya raba gardama. Gidan tarihin ne zai rubuta wasiƙa da sunansa zuwa ofisoshin kula da tarihi na al'ummomin, shi zai yanke wa zai zauna a kwamitin dubawa, shi zai biya su ladan lokacinsu. Ka tabbata an sa wannan kuɗi a kasafi daban, ba daga naka ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma mai ita ba kyauta zai rera ba.

Misalin da ya kamata kowa ya sani: a babban gidan tarihin halittu na New York akwai wani akwatin nuni da aka yi a 1939, yana nuna ganawar Peter Stuyvesant, gwamnan mutanen Holan a yankin, da wakilan Lenape a 1660. Turawan sun sha ado, Lenape daga su sai warki, matan kuma an tura su can baya kai a sunkuye suna ɗauke da kaya. A 2018 sai da gidan ya liƙa bayanan gyara guda 10 a jikin gilashin, yana nuna kurakuran ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu har da cewa shugaba irin Oratamin ba zai je taron sulhu ba sai da kayan alfarma, kuma mata suna da murya a sha'anin mulki. Lenape ta wajen uwa suke bin dangi, yaro na zuri'ar uwarsa ne, ko Kyarkeci ko Kunkuru ko Talotalo, gida da gona a hannun mata suke. Ke nan in ka sa jarumi mai baka a tsakiyar zanen, mata na gefe ƙanana, ka yi kuskuren tarihi ko da kowace kibiya daidai take. A zanen kaka, dattijuwar da ke tsara rabon amfanin gona ce ta dace da tsakiya.

Akwai kuma abin da ba a taɓawa sai da izini. Abin rufe fuska na Mesingw, ruhun da ke kula da namun daji, mai rabi ja rabi baƙi, da bikin Babban Ɗaki, wanda aka yi cikakkensa na ƙarshe a Oklahoma a 1924, abubuwan ibada ne. Haka jana'iza. Kada ka sa su don su ƙawata zane. Dokar NAGPRA ta 1990, da sabbin ƙa'idojinta da suka fara aiki a Janairun 2024, sun wajabta wa gidajen tarihi masu karɓar kuɗin tarayya neman yardar al'ummomi kafin su nuna ko su ba da damar nazarin kayan kabari da na ibada. Zanenka sabo bai faɗa ƙarƙashin dokar ba, amma shiga ɗakin ajiya ka kwafi wata tukunya zai iya faɗawa, in daga kabari aka tono ta. Tambayi mai kula da kayan asalin kowane abu kafin ka zana shi.

Batun takarda kuma, tun ran gini tun ran zane. A raba kuɗi kashi uku: kafin alƙalami ranar sa hannu, na biyu idan an amince da ƙaramin samfuri mai launi, na uku ranar kafawa. A rubuta matakan amincewa: zayyanar fensir, samfuri mai launi, ziyara ɗaya idan aiki ya kai rabi. A ƙayyade zagayen gyara, biyu a kowane mataki sun isa, duk canjin da ya zo bayan an amince da samfuri kuma da farashinsa. A rubuta cewa agogon wa'adi yana tsayawa muddin zayyana na hannun kwamiti, domin majalisun al'ummomi ba kullum suke zama ba, amsa kan ɗauki makonni. Wata taran nan, ka ɗauka uku na jira ne. A dokar Amurka haƙƙin mallakar hoto yana hannun mai zane sai in ya sallama a rubuce, don haka a fayyace ko gidan zai buga shi a littafi, kati, riga ko intanet. In a jikin ginin za a manna shi, a yi maganar dokar VARA ta 1990, mai kare haƙƙin mai zane a kan aikinsa, da yadda za a sanar da kai kafin a cire. Sannan a takardar bayani a faɗi gaskiya cewa mai zanen ba ɗan Lenape ba ne, domin akwai wata dokar ta 1990 da ta haramta tallata aiki a matsayin na 'yan asalin ƙasar alhali ba nasu ba ne.

Ɗan Alƙalami ya rubuta:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Hajiya. An tsaya a kan ƙarshen Satumba, wajen 1500, saman kogin Delaware. Saura batun kayan aiki: fentin mai ko akirilik? Ƙofar zauren faɗinta ƙafa 3 ne, tsayi ƙafa 7. Sannan littattafai na cewa mata ba sa rufe ƙirji lokacin zafi, ga shi yara ne masu kallo. Yaya ake yi da wannan?

Gwanin Bango ya rubuta:

Ɗan'uwa, da wa'adin wata tara, uku na jira, akirilik za ka yi. Fentin mai ya fi daɗin zana fatar mutum da hayaƙi, babu musu, amma yana son aƙalla wata shida kafin a shafa masa banish na ƙarshe, wato man kariya da ake rufe zane da shi, kai kuma ba ka da su. In ka nace sai mai, to ka yi shimfiɗar farko da akirilik siririya ka ɗora mai a kai. Akasin haka ba ya yiwuwa, akirilik a kan mai ɓarewa yake yi. Ka kuma guji farin zinc, lambarsa PW4, yana sa fenti ya yi ƙarfi ya tsattsage bayan shekaru. Farin titaniyom ya wadatar, amma karanta jikin kwalbar, wasu kamfanoni na gauraya su.

Zane mai tsayin ƙafa 6 zai shiga ƙofa mai ƙafa 7 a tsaye, amma matsalar tana lungu: ƙafa 12 ba ya juyawa a siririn baranda ko matakala. Je ka da sanda mai tsawon ƙafa 12 ka bi hanyar tun daga inda mota ke tsayawa har bangon. In ba ta wuce ba, hanya biyu ce. Ko ka yi a kanbas guda, ka naɗe, a ɗaure shi a firam a cikin zauren, ko ka raba shi allo uku na alminiyom, kowanne ƙafa 4 da ƙafa 6. Allo ya fi jure taɓawar yara da canjin laima, sai dai layin haɗi zai fito, don haka ka tsara ya faɗa a jikin itace ko gefen bukka, kada ya ratsa fuskar mutum. In kanbas ne, sayi mai faɗin inci 84, ya bar maka inci 6 sama da ƙasa na ja. Firam ya zama mai gicciye kowace ƙafa 3, a rufe bayansa da allo mara nauyi don ƙura da bugu.

Shiri: shafa ruwan akirilik mai sheƙi sau biyu tukuna, shi ke hana dattin yadin tasowa ya mai da fararen wurare ruwan ɗorawa. Sai jeso, wato farin fentin shimfiɗa, sau uku, kowanne a gicciye da na baya, da ɗan gogawa da yashin takarda mai laushi a tsakani. Murabba'in ƙafa 72 sau uku ya kama 216, wato galan ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ba shi kwana uku ya bushe. Kada ka fara a kan fari fat, shafe shi da ruwan ƙasa-ƙasa mai ɗumi.

Tsari kuwa ya dogara da inda za a rataye shi. Nemi tsayin gindin zanen daga daɓe, ka sa layin da sama ta haɗu da ƙasa ya zo daidai idon mai kallo, wajen santimita 150, ko ƙasa kaɗan tunda yara ne. In fili shimfiɗaɗɗe ne, kawunan duk manyan da ke tsaye za su jeru kusa da wannan layi, na kusa da na nesa, ƙafafunsu ne ke hawa sama. Wanda bai kiyaye wannan ba sai ka ga mutanensa na shawagi ko sun fi bukka tsayi. Gina ƙaramin ƙauye a kan tebur, inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya, bukkoki da waya da kwali, mutane da yumɓu masu tsayin inci biyar da rabi, ka haska da fitila guda daga gefe. Daga nan za ka ga inda kowace inuwa ke faɗuwa. Hotunan da aka ɗauka a ranaku daban-daban su ke haifar da zane mai rana uku. Samfuri mai launi ka yi shi inci 24 da 12, ka ja masa murabba'ai na inci 2, kowanne ya zama ƙafa ɗaya a babban. Majigi ya fi sauri, amma yana karkatar da gefuna in bai daidaita da tsakiya ba, don haka ko da shi ka ja murabba'an don tantancewa.

Mutane kada su wuce 20 zuwa 25, a rukuni huɗu ko biyar, kowane rukuni da aiki ɗaya da malami zai iya nuna wa yara da yatsa. Uku ko huɗu ne kawai za su zama manya a gaba. Ka bar wurin da ido zai huta, ruwa ko sama. Fara daga nesa: sama, tsaunuka, daji, kogi, bukkoki, sannan mutane. Akirilik yana ƙara duhu idan ya bushe, don haka haɗa manyan launuka da yawa a robobi masu murfi, ka gwada a gefe ka jira minti 20 kafin ka yarda. Launin fata musamman, in ya ƙare a tsakiyar aiki da wuya ka sake samo shi daidai. Launukan ƙasa su ne ginshiƙi, kuma ba sa koɗewa. Duba kowace kwalba ka ga darajar jure haske ta ɗaya ko ta biyu. Jan alizarin na asali, PR83, ka bar shi a shago, kwinakiridon ya maye gurbinsa.

Tambayi wace fitila za a sa. Yawancin zaurukan nuni suna amfani da mai ɗumi, wajen 3000K, kuma ba a so hasken ya wuce luks 200 (ma'aunin ƙarfin haske) a kan zane. Wannan ya yi ƙasa sosai da hasken ɗakin aiki. Shuɗi zai mutu, inuwa za ta toshe. Sayi ƙwai irin nasu ka riƙa kashe naka kana dubawa da shi kowane mako, inuwoyinka kuma ka ɗaga su kaɗan fiye da yadda ido ke so. Bayan gamawa, shafa rigar kariya, kashi biyu na jel mai sheƙi da kashi ɗaya na ruwa, a bar ta kwana biyu zuwa uku, sannan banish mai cirewa, mai matsakaicin sheƙi. Mara sheƙi gaba ɗaya yana sa baƙi ya yi toka-toka. A ɗauki hoto mai inganci kafin banish, don gudun ƙyalli.

Wajen kaiwa, naɗe shi fenti na kallon waje, a kan bututu mai kaurin aƙalla inci 10, da takardar silikon a tsakani. Ledar nan mai ƙuraje kada ta taɓa fuskar zanen, tana barin tambarinta. In lokacin hunturu ne a nemi mota mai ɗumi, domin akirilik na yin ƙarfi a sanyi, in aka warware shi a haka tsagewa zai yi. A bar shi ya kwana a zauren kafin a buɗe.

Maman Khalifa ta rubuta:

Batun ƙirji, Malam, ka riga ka rage wa kanka wahala da ka zaɓi ƙarshen Satumba. Mai da shi hantsi ko sassafe, hazo na tashi daga kogi, lokacin da yafa fata ko mayafin gashin talotalo gaskiya ne ba ƙage ba. Sauran kuma a warware da tsayuwa: wata ta juya baya tana daka, wata ta rungumo dami, wata na goye da jariri a allon goyo. Abin da ba a yi shi ne ƙirƙiro musu riga mai hannu da geza irin ta fim, ko rigar yadi mai adon kirtani, wadda tasu ce amma sai daga baya sosai, bayan zuwan Turawa, ta shigo. Ka kai wa kwamiti zayyana iri biyu su zaɓa, a rubuta zaɓin.

Ina da ja kaɗan da Malam Gwanin Bango a kan mutum 25. Kowace fuska sai an samo mata mai tsayawa, kuma fuskoki ne kwamiti ke fara dubawa. 15 masu rai sun fi 25 masu kama ɗaya. Roƙi gidan tarihin ya tambaya ko akwai 'yan al'ummar da za su yarda a ɗauke su hoto don wannan aiki, da takardar yarda da biya, ta yara kuma iyaye su sa hannu. A sa tsofaffi, a sa mai dariya, a sa yaron da ke jan wutsiyar kare. Fuskar nan ɗaurarriya da ake ba su a tsofaffin zane-zane ba ta cikin kowace shaida.

Ka kuma buɗe kundi tun yau. Kowane abu da ya shiga zanen, tukunya ce ko tsuntsu, ba shi lamba, ka rubuta madogararsa: haƙa ne, rubutun matafiyi ne, bakin dattawan al'umma ne, ko kintace ne naka. Da shi za a yi ƙaramin hoton jagora mai lambobi da ake kafawa a gefe. Sunayen abubuwa da harshensu a ɗauko daga ƙamus ɗin Lenape mai sauti da Delaware Tribe ta sa a intanet, amma a lura na Unami ne. Tunda ƙauyenka a saman kogi yake, yankin Munsee, sai an nemi masu koyar da Munsee a Wisconsin ko Ontario su duba kalmomin kafin a buga allon bayani.